Shaidar da Babu Sunan Mai Sanda

Ni na sa aka ɗaure taubashina a kan kisan da bai yi ba, kuma ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ba zan manta da wannan ba har a rufe ni.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ce, bayan kaka. Muka ɗora gyaɗa a kan jakai daga ƙauyenmu kusa da Gazawa, muka nufi ƙasar Ingilishi, wato maƙwabciyarmu ta kudu da ke tsallaken iyaka, don can ta fi daraja. Mu uku ne: ni, da surukina uban matata, da taubashina ɗan gwaggota. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Ko a hanya sai da ya ce, "Bawana, tsakanin kai da jakin nan wa ke kora wani?"

Mun tsallake iyaka da hantsi, jakin surukina ya faɗa gonar wake. Mai gona ya fito da zagi, har ya taɓa uwa. Surukina mutum ne mai zafi. Sau ɗaya ya ɗaga sanda, mutumin ya faɗi. Taubashina yana can baya yana gyara kayan da suka karkace, bai ga komai ba. Ya sheƙo, ya tallabi kan mutumin, jini ya ɓata masa riga. A haka mutanen gari suka same shi. Surukina kuwa tuni ya ja jakinsa ya yi gaba. Kafin azahar mai gona ya cika.

'Yan doka suka tafi da taubashina. Ya nuna ni, ya ce musu, "Ku tambayi wancan, a gabansa aka yi."

Aka zaunar da ni gaban wani akawu mai ɗaukar shaida da Ingilishi. Ni ko lakol ɗinmu, wato makarantar boko, ban taɓa shiga ba, balle nasu. Na ce, "An bugi mutumin, ya faɗi."

Ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Malam, wannan harshen yana son a jera abu yadda ya faru. Lokacin da ɗan'uwanka ya iso, mutumin ya riga ya faɗi, ko daga baya ya faɗi?"

Na ce, "Ya dai faɗi."

Ya ce, "To, hanya biyu ce. Zan iya rubuta an buge shi, zan iya rubuta wane ya buge shi. Duka daidai suke a takarda. Amma ta farkon ta bar gurbi, alƙali kuma da mai jini a riga zai cike shi. Wa ya ɗaga sandar?"

A wurinmu mutum ba ya faɗin sunan surukinsa. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. Na ce wa kaina kunya ce ta kama mini baki. Ba ita ba ce. Matata na da tsohon ciki, na ji tsoron in koma gida in ce mata ni na miƙa ubanta.

Na ce, "Rubuta ta farkon."

Ya rubuta, ya karanta mini da Hausa, ya sake tambayata. Na dangwala yatsa.

Da za a wuce da taubashina ya ce, "Bawana, ka gaya musu?" Na ce na ba da shaida. Ya yi murmushi, ya ce in kula masa da jakinsa.

Shekara tara ya yi a kurkuku. Surukina bai taɓa tayar da maganar ba har ya mutu. Gona ya ba ni, na karɓa, na noma, na ci.

Taubashina ya dawo a rame, yana tari. Na je gaisuwa. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Malam." Da ya zage ni da ya fi mini. Bai ga wata damina ba.

Abin da na koya shi ne, maganar da aka cire mata mai aiki tana kisa, ko da babu ƙarya a cikinta. Akawun ya nuna mini haka sau biyu, na zaɓa da idona buɗe.

Yanzu ina Gidan Rumji wajen ɗana, ido ya tafi, ba na noma. Gonar nan na bar wa 'ya'yan taubashina. Sun karɓa, ba su tambaye ni dalili ba, ni ma har yau ban faɗa musu ba.