Ranar da Kwamfuta Ta Kira Ni Ɓarawon Aikina

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da aka tuhume ni da satar aikin da na yi da hannuna ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Tambuwal, ina kuma karatun digiri na biyu. Bincikena a kan tsofaffin takardun ajami ne masu bayanin magungunan shanu, waɗanda wani dattijon malami a Kebbe ya gada. Shekara biyu duk Asabar ina bisa babur zuwa Kebbe. In zauna a zaurensa, yana karanta mini, ina ɗaukar hoton takardun da wayata. Da na gama maƙalar sai na rasa yadda ake aika ta mujalla, don haka na nufi wani dakta malamin jami'a ɗan garinmu, abokin yayana. Ya karɓi filashin kwamfutar da na sa maƙalar a ciki da fara'a ya ce, "Bar mani shi, ƙanena, in duba ma." Shiru, shiru, har na daina tambaya don kunya.

Ana nan aka shirya mana bita a jami'a kan manhajar gano satar rubutu. Malamar da ke koyarwa ta nemi aikin da za a gwada, na miƙa nawa ina ta washe baki. Sai allon ya yi jajir tun daga farko har ƙarshe.

"Malam," in ji ta, "wanga aiki an riga an buga shi. Ina ka kwaso shi?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ta danna, mujallar ta buɗe, ga sunan daktan nan shi kaɗai. Ba nawa, ba na dattijon da ya buɗe mini akwatin kakanninsa.

Na sami daktan a ofis. Ko kunya bai ji ba. "Kai wa ya san ka? Da sunanka wace mujalla za ta karɓa? Ai aikin na ceto!" Har yau in na tuna maganar nan sai zuciyata ta tafasa.

Yayana ya ce in haƙura saboda zumunci. Na ƙi. Na koma wurin malamar, ta zauna da ni muka tono imel ɗin da na riƙa tura wa mai duba aikina babi-babi, da hotunan wayata, kowanne da kwanan watansa. Ta nuna mini yadda ake rubuta wa edita koke. An daɗe, amma an janye maƙalar, daga baya ta fito da sunana. Daktan kuwa bai taɓa ba ni haƙuri ba, gaisuwata ma ya daina amsawa.

Abin da na koya shi ne, mai bincike ya ajiye shaidar kowane mataki na aikinsa, ya karanta ƙa'idojin mujalla ya aika da kansa. Tambaya kam a yi ta, amma kada ka damƙa wa kowa guminka ba shaida, ko da tare da yayanka yake cin tuwo.