Gidan Man Da Kunya Ta Saya Mini

Shekarun baya, lokacin da cinikin gero ya ɗan yi mini kyau har na fara jin kaina, na sayi gidan mai a nan Dakoro. Masu bina a wannan shafi da suka san ni da buhu da tiya za su yi dariya, amma wallahi an yi haka. Na taɓa zama mai gidan mai, har da kujerar roba a ƙarƙashin rumfa da hula mai tsini.

Mu gidanmu 'yan hatsi ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar mana wata dukiya ba, suna ya bar mana. A kasuwa in aka ce tiyar gidanmu ce ta auna, mai saye ba ya sake awo. Fulani da Buzaye daga wajen Tagriss sukan aiko a ɗora musu gero a mota ba tare da sun kwance bakin buhu ba. Shi kuwa tsohon, duk yardar da ake masa, bai taɓa sayen buhu bai cusa hannunsa har gwiwa ba. Yakan ce hatsin sama na ɗan kallo ne, na ƙasa shi ne na mai saye. Da wannan maganar aka raine ni, kuma ni ma haka nake sayen hatsi.

Gidan man na wani Alhaji ne, aminin mahaifina tun suna samari. Tsufa ya kama shi, 'ya'yansa sun koma Maraɗi, wurin ya daɗe a rufe a bakin gari, kan hanyar arewa, cikin ɗan kwari. Wata rana ya aiko kirana. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce: "Ɗana, wurin ga kai ka dace da shi. Ban so shi tahi hannun baƙo." Kafin ya rufe baki na riga na hango kaina ina ba da umarni ana zuba wa motoci mai.

Na ɗauki abokina muka je duba wurin. Shi direba ne, yana da tsohuwar motar da ke kwasar mutane da kaya zuwa Tagriss ranar kasuwa, da ita yake ci da iyalinsa. Ni na tsaya kallon famfuna biyu, da rumfar kwano, da ɗan ofis mai taga. Shi kuma ya je ya taka wani murfin ƙarfe da ke ƙasa, ya buga shi da dunduniya.

Ya ce: "Nan ƙasa hwa? Tankin ga tun muna lakkol, 'yan makarantar boko, yake binne. Ka sa a zo daga Maraɗi a duba shi."

Na ce: "Kai ma dai! In je in ce ma Baba Alhaji sai an tone mishi ƙasa kahin in saya? Sai ka ce na kama shi da ƙarya."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce: "Kuɗinka ne."

Wanda ba ɗan nan ba zai ce wauta ce, amma ku kun san yadda abin yake. Da baƙo ne mai wurin, da sai na ƙirga har ƙusoshin rufi. Amma aminin ubanka ba a cinikayya da shi ido cikin ido. Kan tabarma na zauna, kaina a sunkuye, ya faɗi abin da zan ba shi, na ce Allah ya sa albarka, aka shafa fatiha. Da na koma gida na shaida wa mahaifiyata, tambaya ɗaya ta yi mini: "Ka sa hannu cikin buhun?" Na ce: "Inna, na Baba Alhaji ne hwa." Ita ma kunyarsa take ji, sai kawai ta ce Allah ya rufa asiri.

Ban yi nisa ba na gane hangen dala ba shiga birni ba ne. Ranar kasuwa motoci har layi suke yi, sauran ranaku kuwa ni da ƙudaje muke hira. A tsallaken hanya 'yan ruwa-ruwa sun jera kwalaben esans, wato fetur, da suke shigowa da shi daga Najeriya, nasu ya fi nawa araha, mai babur yana wucewa ta gabana ya ɗaga mini hannu ya je ya sha a can. Farashi kuma daga sama ake yanke shi, ba ka isa ka ƙara ko dala ba. Gero in ka saya da kaka ka ɓoye, bazara za ta biya ka. Mai in ka ajiye shi, zafin rana ne zai riƙa lasar shi yana raguwa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, famfo ya tsaya; in ka tada grup, wato janareta, shi ma man naka yake sha. Ga tsoron wuta. Ni da ba a taɓa jin muryata a unguwa ba, na koma mai yi wa masu sigari tsawa, har mai shayin da ke maƙwabtaka ya daina gaishe ni saboda na sa ya janye gawayinsa.

Abin da ya riƙe ni shi ne sunan nan na gida. Direbobi suka fara cewa litar ɗan mai tiya cikakkiya ce. Abokina ya bar sayen na jarka gaba ɗaya, ya ce daga yau motarsa ba ta shan gazuwal, wato man dizal, na kowa sai nawa, yana kuma jawo mini abokan aikinsa daga tasha. Duk rani haka muka lallaɓa, ba riba sosai, ba faɗuwa.

Sai damina ta sauka. An cika mini tankin gazuwal ke nan aka yi wani ruwa mai ƙarfi ana gobe kasuwa, ruwa ya kwanta a kwarin har idon sawu. Da safe ya janye, na sa aka share taɓo, ban kawo komai a raina ba. Da azahar abokina ya zo ya cika motarsa, ya ɗora buhuna da mutane, mata da goyo, tsofaffi da sandunansu, ya kama hanyar arewa. Bayan la'asar wani mai babur ya tsaya a gabana ya ce motar ta mutu a daji, an yi an yi ta ƙi tashi.

Na ɗauki makanike muka bi su a babur. Mun tarar da mutane a rakuɓe ƙarƙashin wata aduwa, yayyafi yana sauka, yara suna kuka. Makaniken ya kwance wani abu a injin, ya tsiyaye man cikin kwalba, ya ajiye ta a kan tayar mota. Muna tsaye muna kallo man ya rabu gida biyu, gazuwal a sama, ruwa a ƙasa, ruwan ma har da jan tsatsa. Ya ce ruwan ya riga ya shiga injin, gyaran ba na yau ba ne. Abokina ya ɗaga kwalbar ya kalla, ya kalle ni, ya ajiye ta ya juya mini baya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Cikin fasinjojin akwai wani tsohon Bafillace da ya daɗe yana sayen gero a wurin mahaifina. Ya matso ya leƙa kwalbar, ya tambayi na kusa da shi, ba da ƙarfi ba amma na ji: "Wanga ba ɗan mai tiya ba ne? Ashe ruwa yake zuba ma mai?"

Wannan maganar ta fi mini komai ciwo. Kafin gari ya waye ta zaga tasha, kafin kasuwa ta sake ci ta isa rumfarmu ta hatsi. Wata mata da ta shekara da shekaru tana saye a wurinmu ta ce a zazzage mata buhun a ƙasa ta gani. Ban ga laifinta ba, amma ranar ban iya cin tuwo ba. Asarar mai ba ta dame ni kamar yadda na ga abin da tsohona ya tara tsawon rayuwarsa yana zubewa a hannuna ba.

Na rufe famfuna na kira mai duba tanki daga Maraɗi, wanda ya kamata in kira tun farko. Ya shafa wani magani a jikin sanda ya zura, ya fito da ita ta canza launi. Ya ce tankin ya ci tsatsa ya huje, rani ne ya rufa mini asiri, da ƙasa ta jiƙe ruwa ya samu hanya. Ruwa ya fi mai nauyi, shi yake kwanciya a ƙasa, famfo kuma daga ƙasa yake zuƙowa. Masu ba da shawara suka yi ta zuwa. Wani ya ce in kwashe na sama in sayar wa 'yan jarka a ɓoye, in toshe ramin in yi shiru, mutane akwai mantuwa. Wani ya ce in kai Alhaji ƙara.

Mahaifiyata ta saurare ni har na gama, ta ce: "Mutane sun ce da ruwa cikin buhunka. To kwance bakin buhun kowa shi gani. Kuma ranar kasuwa za ka yi shi, ba a ɓoye ba."

Haka aka yi. An zuƙe man cikin duro-duro, aka wanke tankin, ranar kasuwa na sa ma'aikata suka haƙa a gaban jama'a aka fito da shi. Wallahi kamar ana kallon dambe. Direbobi, 'yan ruwa-ruwa, mata masu tallar fura, har mai shayin da ke fushi da ni, kowa ya zo ya leƙa. Gefen tankin ya zama kamar rariya, akwai wani rami da babban mutum zai zura yatsu uku. Tsohon Bafillacen nan ma yana wurin, ya durƙusa ya taɓa ramin da hannunsa, ya tashi ya tafi.

Ana cikin haka sai ga Alhaji a bayan babur, wani ya kai masa labari. Ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallon tankin. Na rantse bai san da ramin ba, fuskarsa ta nuna. Ya juyo ya ce: "Ɗana, don mi ba ka sa an duba ba kahin ka saya?"

Na sunkuyar da kai na ce: "Kunya, Baba."

Ya buga sandar a ƙasa ya ce: "Kunyar banza! Ubanka da ni tuwo ɗaya muka ci, amma ko buhuna na kawo mishi sai ya sa hannu har gwiwa, ina tsaye ina kallo. Ka taɓa jin mun ɓata? Abin da ya sa ba mu ɓata ba ke nan!"

Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma idona ya cika da ƙwalla. Ashe ni kaɗai na ƙirƙiro wa kaina wannan kunyar. Alhaji ya dage sai ya ɗauki gyaran motar abokina, ni ma na dage, daga ƙarshe muka raba. Man da ya rage aka bar shi ya kwanta aka tace, na sayar wa masu injin niƙa bayan na faɗa musu tarihinsa. Abokina ya yi makonni ba aiki, na riƙa aika hatsi gidansa yana maido mini, sai da mahaifiyata ta kai da kanta ya karɓa. Ranar da motar ta tashi, a gabana ya fara tsayawa ya danna oda.

Ban sayi sabon tanki ba. Na sayar da famfunan, na cike ramin, na ɗaga daɓen da siminti saboda ruwa, na mayar da rumfar wurin ajiye hatsi. Har yau mutane gidan mai suke ce wa wurin, baƙo ya zo da babur yana neman esans ya tarar da buhunan gero da wake daga Mai Yara da Ɗan Gulbi. Ba na cewa sana'ar mai ba ta da kyau, akwai waɗanda ta yi wa rana. Amma duk wanda ya zo mini da shawarar sayen tsohon gidan mai, nakan ce masa fenti da rumfa ba su ne kayan ba, kayan yana binne a ƙasa, ya duba shi ko da a hannun yayansa zai saya. Ni dai na yi asara, kuma ban ji daɗinta ba, amma yau ina barci ba na mafarkin gobara. Abokina kuwa ya samu abin tsokana har abada. Duk sanda ya zo lodi sai ya cusa hannu cikin buhuna ya ce bari ya ji ko da ruwa a ƙasa, ni kuma in ce ya cusa har kafaɗa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tsawon wannan damina, shi ne tsohon Bafillacen. Bai sake zuwa sayen gero ba, na ɗauka ya canza wurin saye. Sai bayan kaka, wata ranar kasuwa, na ɗaga kai na gan shi tsaye da sandarsa a kafaɗa, ya ce a ɗora masa gero a motar abokina. Na jawo buhu da sauri na fara kwance igiyar don ya gani da idonsa. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce: "Bari, ɗan mai tiya. Ɗaure abinka. Na ga ramin."