Kawu Ya Yi Magana Daga Ƙasa

Shekarar da aka sa sababbin na'urori a zauren taron ƙaramar hukumarmu, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu. An yi ta shela cewa yanzu kowa zai kalli taron jama'a kai tsaye a wayarsa. Ma'aikata suka zo daga Gusau suka kafe kyamara a bango tana fuskantar teburin manya, suka jera wa kowane babba makirfonsa, suka dasa guda ɗaya a kan doguwar sanda domin talakawa. Magatakardan da ke rubuta koken mutane aka ce ya huta, tunda bidiyo ba ya mantuwa.

Mu kuwa damuwarmu kwalbati ce. Ya karye tun damina biyu da suka wuce, kuma da zarar rafi ya kawo, ba mota ba babur. A wannan taron ake tsara ayyukan da za a yi kafin ruwa ya sauka, wanda bai shiga ba sai baɗi. Gari ya zaɓi kawuna ya je ya yi magana. Manomin gero ne, ya ba saba'in baya, kuma in ya tsara zance ko alƙali sai ya saurara.

Da hantsi muka taru a rumfar masallaci, na jingina wayata da buta, mutane suka yi mata rumfa da kawunansu. Aka kira sunan garinmu. Muka ga saman hular kawu ya gifta ta ƙasan hoton, sai ya ɓace. Nan take na san abin da ya yi. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, yadda duk mai tarbiyya yake yi a gaban shugaba. Makirfo yana can sama da kansa, kuma duk zauren ba a sami wanda ya sauko masa da shi ba.

To me muka kalla? Teburin manya. Ɗaya yana saƙace haƙori da tsinken ashana, ya ciro abin ya duba, ya shafe a hannun kujera. Na kusa da shi yana tauna goro, makirfonsa na kawo mana kowane ƙarus, har da gyatsar da ta biyo baya. Muryar kawu kuwa can ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Sai muka ji wani ya karkata ya ce wa maƙwabcinsa, tar kamar a kunnenmu, "Wannan tsohon bai gama ba?"

Ban taɓa jin ƙyamar mutane masu manyan riguna irin ta wannan rana ba. Da kawu ya gama suka tafa masa, har da mai tsinken.

Bayan la'asar kawu ya sauka daga babur yana fara'a.

"Na hwaɗa musu duka," in ji shi. "Ban rage komi ba."

Sai wani dattijo ya ce, "Mu dai hularka munka gani."

Na ja shi gefe na nuna masa. Ya kalla har ƙarshe. Na ce, "Kawu, ai da ka miƙe tsaye."

"In tsaya bisa kan manya awa mai tallan magani? Ba haka anka koya mini ba."

Da jerin ayyuka ya fito, babu kwalbatinmu. Na wanke ƙafa na je sakatariya. Jami'in da na samu ya ba ni kujera, ya juyo mini da kwamfuta cikin ladabi, ya ce, "Malam, nuna mini inda aka faɗa, yanzu in shigar." Muka sake kallon saƙace da tauna tare, shi ko a jikinsa. Ya ce na'urar ba ta da laifi, 'yar waje ce, a dai riƙa turo wanda ya waye. Na tashi ban yi masa sallama ba, don abin da ke bakina ba na faɗa ba ne.

Ba wanda ya zagi kawu a gari. Sai dai ya daina zama a rumfa, yana idar da salla sai gida.

Ruwa ya sauka, rafi ya kawo. Wata safiya matar maƙwabcinmu ta kwana tana naƙuda abu ya ƙi, aka ɗauko ta a kan gadon kara za a haye da ita zuwa inda mota ke jira. Da na iso bakin rafi sai na ga kawu cikin masu ɗauka, ruwa har ƙirjinsa. Na faɗa ciki da tufafina na ce ya ba ni.

Bai ko dube ni ba. Ya gyara riƙo ya ce, "Bari. Ni anka aika."