Sammacin da Ya Kai Mu Dajin Tapowa

Litinin: Dogon Dutsi zuwa Yamai

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Dogon Dutsi, ni da Baba Arzika, a saman wata kamiyo mai ɗauke da buhunan gero. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a biro, wato ofishin gwamnati, aikina kwafe takardu da tafinta da ɗan Faransancin da na samo a lakwal, makarantar boko. Baba Arzika kuwa tsohon maharbi ne daga wani ƙauye kusa da Kiyeshe, duk Arewa ba wanda bai san bakansa ba.

Dalilin tafiyar wata takarda ce da ta zo daga Yamai da sunansa, lokacin da manyanmu suke rangadi. Ni na karanta ta. Na gane sunansa, na gane ranar da ake son ganinsa, na gane an ce a haɗa shi da tafinta. Amma akwai wata kalma da ban taɓa gamuwa da ita ba, ta yi kama da wadda ake rubutawa idan ana kiran mai laifi. Kunya ta hana ni tambaya. Na hau keke na je ƙauyensu na ce masa, "Baba, gwamnati na kiranka."

Sai da ya gama shan furarsa tukuna. Sannan ya ce, "Raƙumin dawan nan ne. Na san za shi hito." Ashe shekara biyu da suka wuce, a wani rani mai yunwa, ya harbi raƙumin dawa, dabbar da aka hana taɓawa, ƙauyen duka suka ci.

Da za mu hau mota ya ƙi rabuwa da bakansa da kwarinsa. Ya ce maharbi ba ya fita tsirara.

Daga Dogon Dutsi zuwa Doso kusan kilomita ɗari da arba'in ne, muka yi su cikin awa biyar, don hanyar jar ƙasa ce mai tsalle-tsalle. A shingen shiga gari wani jandarma ya hango bakan, ya ce mu sauko. Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya dubi tsohon, ya sake karantawa, sai ya ƙame ya sara masa. Ya sa aka kawo mana benci a inuwa da ruwan randa.

Na ce, "Baba, ka ga? Wataƙila ba abin da muke zato ba ne."

Ya ce, "Mamman, haka nike wa tunkiya ranar da za a yanka ta."

Muka ci shinkafa da wake na dala biyu a tasha, muka wuce ta Birnin Gaure. La'asar sakaliya muka shiga Yamai. Direbanmu ya kai mu gidan wani ɗan garinmu mai sayar da goro, shi ya ba mu tabarma a zaure. Ya tambayi abin da ya kawo mu, Baba ya ce, "Shari'a." Mai gidan ya yi salati, ya ƙara mana nama a miya.

Talata: Yamai zuwa Tapowa

Takardar ta ce mu kasance a bakin kogi ƙarfe bakwai na safe. Lokacin babu gada, sai jirgin fito mai ɗaukar motoci da jakai da mutane gaba ɗaya. Baba Arzika bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Ya tsaya yana duban Kwara daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya ce, "Duk wannan, ba mai shi?" Har muka haye bai saki ƙarfen jirgin ba.

A ƙetare wata ƙaramar motar daji na jiranmu. Direban Bazabarme ne mai suna Hamani, Hausarsa kaɗan ce. Ya karɓi jakar Baba da hannu biyu, ya buɗe masa ƙofar gaba.

Na ce, "Ina za ka kai mu?"

"Kampama."

"Me za a yi mana a can?"

"Za ku kwana."

"Daga nan fa?"

"Za ku tashi."

Iyakar abin da na iya samu ke nan. Muka yi kilomita hamsin da 'yan kai zuwa Sayi, inda Hamani ya saya mana soyayyen kifi ya ƙi karɓar ko sisi. Daga Sayi hanya ta tsuke, itatuwa suka yi tsawo, ƙauyuka suka yi nisa da juna. Kusan kilomita ɗari ne, amma sai ƙarfe uku da rabi muka isa wani shinge na itace, inda gardin daji biyu ke zaune.

Babbansu, Sumana, ya iya Hausa. Ya gaishe mu da fara'a, sannan ya ce ba a shiga da makami. Ya karɓi bakan da kwarin, ya ɗaura musu wata 'yar takarda, ya rataye a ɗakinsu. Baba Arzika bai yi gardama ba. Ya miƙa hannayensa biyu a haɗe, yana jiran ankwa. Sumana ya ɗauka gaisuwa ce, ya kama hannayen ya girgiza.

Kampaman ɗakuna ne zagayayyu masu rufin ciyawa, kamar na ƙauye, amma da daɓen siminti. A ciki akwai gadon ƙarfe da gidan sauro da farin zanen gado, a baya kuma bokiti mai huji a rataye, ka ja igiya ruwa ya zubo maka. Baba ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango, ya duba ƙofa. Sai ya kira ni.

"Mamman, zo ka gani. Sakata na ciki."

"Na gani, Baba."

"Wane irin kaso ne wanga, da ɗan kaso ka kulle kainai?"

Na je na sami Sumana na ce ina son ganin shugaban wurin. Ya ce ya tafi can cikin daji, sai jibi. Na ce to me ya ce a yi da tsohon nan? Ya ce, "Cewa ya yi a ba shi abinci, a nuna masa komai."

Kafin magariba aka zaunar da mu a tebur tare da wani Bature da matarsa, waɗanda suka zo tun daga ƙasarsu. Aka kawo zabi da dankali da burodi. Na tambayi Baturen, cikin Faransancina mai ɗingishi, wane aiki ya kawo su. Ya ce ba aiki, kallon namun daji suka zo. Na fassara wa Baba. Ya ce in sake tambaya, ban ji daidai ba. Na sake, amsar ba ta canza ba.

"Su kalla, sannan su harba?"

"A'a, Baba. Su kalla, su koma gida."

Ya dubi mutanen da tausayi, ya ce wataƙila su ma ba a gaya musu laifinsu ba.

Laraba: a kan kogi

Da safe na iske gadonsa yadda aka gyara shi. A ƙasa ya kwana.

Ƙarfe shida da rabi Hamani ya kwashe mu mu huɗu da Sumana. A hanya muka ga gwanki, muka ga garken ɓauna, muka ga birai manya zaune a tsakiyar hanya ba su da niyyar tashi. Abin da ya ɗaure wa Baba kai shi ne ba wanda ya gudu. Ya ce, "An yi musu asiri." Sumana ya ce ba asiri, sun dai daɗe ba a harbe su ba.

Bayan awa ɗaya da rabi muka iso bakin Kwara. Wani dogon kwalekwale mai inji da rumfar tabarma yana jira. Baba ya ja tunga.

"Ina za a kai mu kuma?"

Sumana ya ce, "Yawo, Baba."

"Wane gari?"

"Ba gari. Mu je mu dawo."

Baba ya raɗa mini cewa in an jefa shi a ruwa, in gaya wa iyalinsa bai yi kuka ba. Ni kaina a lokacin ban san abin da zan gaskata ba. Muka shiga.

Kogin a nan yana lanƙwasa tsakanin duwatsu, ka ga kamar ya ƙare, sai ya sake buɗewa. Kadoji na shanya a kan yashi da baki buɗe. Mai jirgin ya kashe inji, ya nuna wasu duwatsu baƙaƙe a tsakiyar ruwa. Ɗaya daga cikin duwatsun ya kaɗa kunne, ya yi hamma, na ga haƙora kamar taɓare. Dorina ce. Matar Baturen ta yi ta ɗaukar hoto, ni kuwa ina ta karanta duk addu'ar da na sani.

Wajen ƙarfe goma, da muka sha wata kwana, sai ga giwaye a gaɓa, bakwai da ɗan ƙarami, suna shan ruwa. Na ga hannun Baba Arzika ya tafi bayan kafaɗarsa da kansa, inda kwari ke zama. Ya laluba, bai sami komai ba. Hannun ya daɗe a can kafin ya sauko. Ɗan giwar ya zame a taɓo, uwar ta sa hanci ta tashe shi.

A hankali ya ce, "Ubana ya ce akwai su a dajinmu da. Na ɗauka tatsuniya ce."

Ya manta da tsoron ruwa har ya miƙe tsaye, sai da mai jirgin ya daka masa tsawa da Zabarmanci.

Alhamis: inda ruwa ke faɗowa

Wannan karon da ƙafa muka tafi, tafiyar rabin awa daga kampama. Ƙasa ta tsage ta zama kwazazzabo mai zurfi, rafin Tapowa na gangarowa daga saman dutse yana faɗawa cikin wani gurbi kore. Sumana ya ba da haƙuri, ya ce ruwan ya ragu, da a ƙarshen damina muka zo da ba mu ji maganar juna ba. Mu da muka fito daga inda ake jan guga gaba ashirin, abin ya ishe mu mamaki a haka.

Baba ya cire takalmansa. Ya ce wuri irin wannan ba ya rasa aljana doguwa, kuma ba a shiga gidan mutane ba sallama. Ya durƙusa yana magana ƙasa-ƙasa. Sai muka ji ƙyas, matar Baturen ta ɗauke shi hoto.

Ya tashi jikinsa a sanyaye. "Shi ke nan. Sun ɗauki kamata. Ko na gudu za su gane ni."

Da muka dawo da azahar muka tarar shugaban wurin ya iso. Ɗan ƙasa ne, matashi, da ƙura har gwiwa. Ya taho da sauri yana murmushi. Kafin ya buɗe baki Baba Arzika ya zauna a ƙasa a gabansa, ya ce in fassara kalma da kalma.

"Ni na kashe shi. Kibiya guda, nan ƙarƙashin wuya. Yara na kuka da yunwa. Ba wanda ya sa ni, kada a taɓa kowa a garinmu. Kwana ukku kuna ba ni zabi, na gaji. A yi mini abin da za a yi."

Na fassara. Shugaban ya dube ni, ya dubi Sumana, ya ce wa aka kashe? Na ce raƙumin dawa. Ya ce yaushe? Na ce shekara biyu. Ya ce to me ya haɗa wannan da zuwanku? Na ciro takardar, na ɗora yatsa a kan kalmar.

Ya karanta. Ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu ya yi magana, sai ya ce kalmar nan gayyata take nufi, irin ta biki. Ya ce dajin nan yanzu namu ne, ba na Turawa ba, shi ya sa ya so tsofaffin maharba su zo su gani da idonsu, su koma su ba da labari. Ya aika wa da yawa. Ba wanda ya zo sai Baba Arzika.

Wannan ita ce fassara mafi wuya da na taɓa yi. Na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne. Ban san kalmar ba, kuma na ji kunyar tambaya."

Ya dube ni. Ya ce, "Wato baƙo nike?"

"Baƙo kake, Baba."

"Tun Litinin?"

"Tun Litinin."

"To raƙumin dawan hwa?"

Shugaban ya ce shi bai ji komai ba, tafintan nan ai an ga ba ya jin Faransanci. Amma kada a sake.

Baba ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce tunda haka ne, a mayar da shi wurin giwayen nan, don jiya da rabin ido ya kalle su. Aka mayar da shi da yamma. Washegari kuma na iske zanen gadonsa a yamutse.

Juma'a da Asabar: komawa gida

Ƙarfe shida muka karɓi baka da kwari a shinge. Muka kwana Yamai, mai goro ya yi mana barka da kuɓuta, muka rasa ta inda za mu fara yi masa bayani. Asabar ƙarfe biyar na yamma muka sauka Dogon Dutsi, na raka Baba har ƙauyensu.

Gari ya fito. Mata na guɗa, wasu na kuka. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka ce ya faɗi abin da aka yi masa. Ya ce an ba shi zabi, an sa shi a jirgi ya kalli giwa, an kai shi ya kalli ruwa na faɗowa daga dutse.

Wani ya ce, "Sannan?"

"Sannan anka maido ni."

Tsofaffi suka sunkuyar da kai.

Da zan tafi, matarsa, Inna Hajo, ta biyo ni har bakin danga. Ta ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, sun buge shi?" Na rantse mata ba wanda ya taɓa shi, na sake ba ta labarin daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta share hawaye, ta ce, "Allah shi yi ma albarka, yadda ka rufa mai asiri." Ta cusa mini ƙwai shida a aljihu.

Har Baba Arzika ya bar duniya, a ƙauyen nan ana cewa shekarar da aka ɗaure shi. Tun yana musu har ya bari.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa mai goro da ya ba mu zaurensa, da Hamani, da Sumana, da shugaban da ya toshe kunnensa. Baba Arzika kuma, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa faɗa wa kowa a biro abin da na yi ba.