Iliyasu Mai Fenti, Wanda Ya Nuna wa Bilkisu Fuskar Ubanta

Da an fito sallar asuba, kafin 'yan kabu-kabu su cika bakin tashar Wurno, Malam Iliyasu Mai Fenti ya riga ya buɗe rumfarsa. Sai ya wanke buroshi da kananzir, ya ɗame farin yadi a jikin katako, ya zauna ya ƙura wa wani hoto ido kamar mai sauraron magana. Da can bayan motocin albasa yake yi wa zane. Yau kuwa, kawo masa hotonka, na takarda ko na waya, ya mayar maka da shi zanen fentin mai wanda za ka rantse zai amsa sallama!

Aikinsa na rataye a ɗakuna daga Rabah har Goronyo: amare, alhazai, har da wani masunci rungume da giwan ruwa a bakin dam. Amma labarin Bara'atu ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara'atu a garin Shinaka ta yi aure. 'Yan bindiga suka kashe mijinta Sale a gona tana da ciki, ta dawo Wurno wurin danginta ta haifi Bilkisu. Da yarinyar ta yi wayo, kullum tambayarta ɗaya: "Inna, ƙaƙa kamannin Baba?" Hoton Sale guda ne ya rage, a waya, an ɗauko shi daga nesa, malafa ta rufe rabin fuskar. Shi ta kai wa Malam Iliyasu.

"Malam, wanga kaɗai gare ni," in ji Bara'atu. "Shina yiwuwa?"

Ya duba, ya sake dubawa. "Ɗiyata, in na ce ina ganin huskatai na yi ƙarya, kuma ba ni zana ma marainiya uban ƙarya. Wa ka kama da shi cikin dangi?"

"Ƙanenai Mu'azu, shina Shinaka."

Hanyar da matasa ke shakkar bi, dattijon nan ya hau babur ya bi ta! Ya wuni yana kallon Mu'azu, yana yi wa tsohuwarsu tambayoyi: hancin ɗaya ne? Goshin fa? Ita ta faɗa masa Sale na da wushirya, kuma in zai yi dariya ido guda ke fara rufewa.

Ina wurin ranar da aka yaye ƙyallen da ya lulluɓe aikin. Tsohuwar, wadda Mu'azu ya ɗauko, ta dafe ƙirji: "Sale! Wallahi Sale na!" Mata suka ɗauki guɗa, Bara'atu na kuka tana dariya. Bilkisu ta matso ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓa haƙoranta. "Inna, wushiryatai irin tawa ta!"

Malam Iliyasu, kai ne mai hannun da bai yarda da ha'inci ba. Kai ne ka sa marainiya ta san wanda ta gado. Ka ce ido ya fara gajiya, bayan damina za ka ajiye buroshi. Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya saka maka da mafificin alheri.

Ku kuma masu sana'a, ko tela ne kai ko magini, in aiki ya zo maka da rabin fuska, kada ka cike sauran da ƙarya. Tashi ka je Shinaka.