Motlatsi da Awakin Ƙaninsa

Faɗanmu na farko da Motlatsi a kan bunsuru ne. Na je aron na ƙaninsa Mokete don ya hau awakina, mutumin nan ya gyara bargon da ya yafa ya ce, "Kaka, takarda ba ta ce in ba da aro ba."

Na ce, "Takardar ce za ta yi barbarar, kai mai kan tulu?"

Dariya ya yi, ya jawo mini nasa gurgun bunsurun.

Da Mokete zai tafi haƙar zinariya Afirka ta Kudu, gaban lauya ya kai wansa, ya sa hannu ya naɗa shi wakili: ya yi wa awakinsa sausaya, ya sayar da gashin, ya sa hannu a madadinsa. A duwatsunmu na Lesotho mun sha ganin wakilin da ya yi ƙiba, mai dukiya ya dawo ya tarar da igiya. Motlatsi kuwa garke biyu ya yi, nasa da na ƙanin, da shaidar kunne daban. Ko matarsa ta yi marmarin nama, sai ya leƙa kunne tukuna.

Wata shekara ƙanƙara ta sauko da rana tsaka, washegarin sausaya. Akuyar da aka kwashe wa gashi, sanyi kaɗan ke kar ta. Nasa ba a kai ga aske su ba, na Mokete kuwa tsirara suke, suna makyarkyata. Ɗaki ɗaya gare shi. Ya kora su ciki kaf, ya hura wuta, ya lulluɓe ƙananan da bargon aurensu.

Matarsa ta iso gidana da yara, tana huci. "Kaka, akuya ta gaje mini gado!"

Na ce, "Zauna, 'yar nan. Ke kina da bakin ƙorafi, su ba su da shi."

Ko ɗaya ba ta mutu ba. Warin ɗakin dai ya kai bazara.

Da Mokete ya dawo, aka soke takardar, ya yanka taure mafi ƙiba, gari ya taru ana guɗa. Motlatsi ya yi rawa har bargonsa ya faɗi, amma da aka miƙo masa cinya sai ya tsaya yana jujjuya ta. Bayan wannan shagali, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa garin Mafeteng, ban ƙara ganinsa ba. Abin da na faɗa masa a ranar, yana riƙe da cinyar, shi ne, "Ci, ɗan nema! Mai akuya da kansa ya riƙe wuƙa."