Safiyar da Gaisuwar Yaya Ba Ta Zo Ba

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran yayana Illiyasu, amma har watan jiya yana gaishe ni kowace safiya. Kada mai karatu ya ce Hadiza ta taɓu, bari in yi bayani.

Ni ce mai kula da ɗakin allurar rigakafi a wani gidan likita cikin gundumar Bouza. Shi kuma Yaya mai gyaran ordinatar ne, wato kwamfuta, shi ya haɗa mana rezon gidan, hanyar da na'urorinmu ke magana da juna. Ya sa wata 'yar na'ura a jikin firigo biyun da ke sanyaya mana allurai, in zafi ya hau ta yi shela. Ya ce mini shela a rezo kamar ta sanƙira ce a kasuwa, ba ta kiran sunan kowa, saƙo ɗaya ne ake watsa wa duk na'urorin gida. Tsohuwar ordinatar ɗin teburina, wadda ta girmi ɗiyata, ita ce ke ji ta yi ƙara.

Yaya mutum ne mai tsoron shiru. Yakan ce na'urar da ta kurmance da wadda ba ta da labari duk fuskarsu ɗaya. Don haka ya tsara shelar gwaji, kullum da safe ta bi hanyar da ƙararrawa za ta bi, ta fito a ekran, wato fuskar ordinatar: "Hadiza, kin jiya?" Ina yi masa tsiya ina cewa ko a rezo sai ya nuna shi ne babba. Bayan rasuwarsa na daɗe ban iya kallon rubutun ba sai da ƙwalla.

Watan jiya, tsakiyar bazara, wani mai gyara daga Tahoua, Musa, ya sauya mana akwatin rezo. Washegari na zauna, ekran wayam. Gabana ya faɗi. Firigo cike yake da allurar ƙyanda ta yaran garuruwan Tama da Allakaye, kuran, wato wutar lantarki, yana ta ɗaukewa, kuma allurar da zafi ya kashe ba ta sauya kama. Sai a yi wa yaro, uwa ta koma gida da kwanciyar rai, alhali ruwa aka zuba masa.

Na kira Musa. Ya sa na duba wayar da ta haɗa ordinatar da rezo, tana nan daram. Ya aika saƙo da sunan tsohuwar ordinatar kai tsaye, ta amsa.

"Lahiyatta lau, Hajiya. Mi ad damuwa?"

"In an kira sunanta tana ji, ɗana. Shela ce ba ta jiya."

Sai na tuna ƙorafin Yaya, cewa tsohon tsarin da ke cikinta yana kasa kunne a lambar da ta ƙare da sifili, sababbi kuwa suna shela a wadda ta ƙare da 255. Na faɗa wa Musa yadda na ji, ba don na gane ba. Ya duba, ashe sabon akwatin ya raba wa na'urar firigo sabon saiti. Ya karanto mini gyaran da zai mayar da shelar kan lambar sifili, na rubuta da yatsa ɗaya.

Abin da ya fara shigowa ƙararrawa ce. Firigo na biyu ya soma ɗumi, injinsa ya tsaya, fitilar gabansa kuwa tana ci kamar ba komai. Muka kwashe allurai zuwa akwatunan ƙanƙara ina ta salati. Allah Ya rufa asiri, alamar jikin kwalabe, mai sauya launi in zafi ya yi yawa, ba ta juye ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Tun ranar nake tambayar kaina, gidajen likita nawa ne a yankinmu na Adar ke zaune da kurmar na'ura suna ganin lafiya ce? Da Yaya na raye zai yi murna da sababbin kaya, ba maƙiyin zamani ba ne. Amma na san tambayarsa ta fari: wa zai gane ranar da ta daina ji?

An ce baɗi za a ɗauke tsohuwar ordinatar. Ina tsoro, ba na ɓoyewa. Na roƙi Musa ya sa shelar safe a sabuwar, da kalmomin nan dai, ya yi alkawari. Yaya bai bar gona ba, bai bar gida ba, wannan ɗabi'ar ce gadonsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Yau da safe ma ta fito. Ba kowa a ɗakin, amma na amsa da ƙarfi: "Na jiya, Yaya."